Abin da Na Ɓoye a Rataye na Uku

Ranar da aka dawo mini da kundin digirina na biyu karo na biyu, kasa hawa babur ɗina na yi. Na zauna a dakalin ofishin sashenmu na injiniyan gine-gine, kundin a cinyata, zafin bazara yana dukan ƙeyata, ina kallon layi ɗaya da mai jarrabawa daga waje ya rubuta da jan biro a shafin farko. Da Turanci ya rubuta, ma'anarsa dai ita ce ya karanta babi biyar cif, bai ga abin da ɗalibin nan ya gano ba. A ƙarƙashin kundin akwai wata takarda daga ofishin manyan digiri, tana sanar da ni cewa wa'adina zai cika nan da mako shida, in ban kare aikin ba za a soke rajistata. Shekara huɗu ke nan ina karatun da ake gamawa a shekara biyu. Tsoro ya kama ni.

Aikin nawa a kan bulo ne. Bulon siminti da ake bugawa a Tudun Wada a nan Sakkwato, wanda in ka ɗaga ka sake shi a ƙasa sai ya watse kamar gurasa. Malamin da ke duba aikina, wanda duk sashe ke kira Farfesa, ya daɗe da yanke hukunci a kan wannan matsala. Ya rubuta, ya koyar, ya faɗa a taro: masu buga bulo suna ƙwauron siminti ne, a tilasta musu su ƙara, magana ta ƙare. Ni aikina shi ne in gwada in tabbatar da hakan da alƙaluma.

Ga inda gizo ke saƙar. Farfesa ba malamina ne kawai ba. Ɗalibin mahaifina ne. Gidanmu gidan karatu ne tun kaka da kakanni, kuma duk ranar Alhamis bayan la'asar Farfesa yakan ajiye motarsa a ƙofar gida, ya tuɓe takalmi, ya zauna a tabarmar zaure ya ɗauki karatun fiƙihu wurin Baba. Ni ke kawo masa ruwa tun ina ƙarami. Shi ya ba ni shawarar karanta injiniya, shi ya ce in dawo in yi digiri na biyu a hannunsa. Bai taɓa kiran sunana ba, ko a ofis ko a gida. Ɗana, haka yake ce mini.

A makon da aka dawo da kundina, sashe ya fito da wani sabon tsari, saboda ba ni kaɗai nake cikin wannan hali ba. Aka ce ɗalibai su riƙa zama biyu-biyu, kowa ya karanta rubutun ɗan'uwansa, ya nuna masa inda ba a fahimta, su kuma yi wa juna gwajin gabatar da aiki. Raina ya ɓaci ƙwarai. Ni da na fito da sakamako mai kyau a digirin farko, ni da ake kawo wa lissafi in warware, yau ɗalibi ɗan'uwana zai koya mini rubutu? Da na duba allon sanarwa sai na ga an haɗa ni da wata mata da muke kira Madam, ma'aikaciyar gwamnati ce mai 'ya'ya uku, tana bincike a kan magudanan ruwa. Iyayenta mutanen Filato ne, Kirista, mahaifinta ya yi koyarwa a firamare har ya yi ritaya. A Sabon Gari aka haife ta, Sakkwatancinta ma ya fi nawa kauri.

Na kai mata kundin ba don ina so ba. Ta ce in same ta gida a unguwar Arkilla ranar Asabar da hantsi. Na je na tarar ta shimfiɗa tebur a barandar gidan, maigidanta yana wanke mota a tsakar gida. Muka gaisa da shi, ya ci gaba da aikinsa. Kundina yana gabanta, ta cusa masa guntayen takardu har ya kumbura.

"Malam," in ji ta, don haka take kirana da zolaya, "kwana ukku nis shahe ina karatun wanga abu. Shahi arba'in na farko duk gaisuwa ta. Wane ya ce, wane ya ce, Farfesa ya ce. Kai mi kac ce?"

Na fara kare kaina da Turancin makaranta, ina maganar bitar ayyukan magabata. Ta ɗaga hannu ta tsayar da ni. Sannan ta ɗauki kundin ta kife shi a kan tebur, ta ɗora kofin shayinta a bayansa.

"Bar Turanci. Hwaɗa min da Hausa, wada za ka hwaɗa ma mai buga bulo. Mi kag gano?"

Wannan ita ce hanyarta, kuma har muka gama ba ta canza ba. A kife takarda, mutum ya yi magana da bakinsa, ita tana rubuta abin da ya fito. Sai na ji bakina yana faɗin abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Na ce simintin da yawancinsu ke sawa bai kai yadda ake so ba, gaskiya ne, amma ba shi ne babbar matsalar ba. Ranar Sakkwato ce ke shanye ruwan bulo kafin simintin ya kama. Ruwa sayensa suke yi wurin 'yan garuwa, saboda haka sau ɗaya suke yayyafawa su bar shi a fili. Na buga bulo da kwaɓinsu, ban ƙara ko cokali na siminti ba, na rufe shi da jiƙaƙƙun buhuna na mako guda, ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba. Na kuma ƙara siminti yadda Farfesa ya ce, na bar shi a rana yadda suke yi, ƙarfin da ya ƙaru bai taka kara ya karya ba.

Madam ta ajiye biro. Ta ce, "Wanga duk ina shike cikin littahin ga?"

Na juya kundin na buɗe can ƙarshe, bayan babi na biyar, bayan jerin littattafan da na duba, wurin da ake lika ƙarin bayanan da ba kowa ke karantawa ba. Rataye na uku. Shafi biyu ne na alƙaluma tsirara, layi-layi, babu jimla ko ɗaya da ke cewa ga abin da suke nufi.

Madam ta ɗago ta dube ni. Na ga alamar tana tsammanin ko dai sakarci ne ko tsoron a kayar da ni, sai na ga dole in yi mata bayani. A zaurenmu, in malami yana karatu ya yi tuntuɓe, ɗalibi ba ya cewa Malam kun yi kuskure. Wannan rashin tarbiyya ne da ba a mantawa. Abin da ɗalibi ke yi shi ne ya sunkuyar da kai, ya sake karanta layin a hankali yadda yake daidai, in ya matsa ya ce, Allah shi gafarta Malam, a nawa littafin haka na gani. Malam zai ji, ya koma baya da kansa, ya gyara da bakinsa, a wuce kamar ba a yi komai ba. Gyara ya samu, girma bai zube ba. Da wannan aka raine ni. Saboda haka na rubuta babi biyar a kan maganar Farfesa, na ajiye nawa littafin a rataye na uku, ina jiran ya gani ya gyara da kansa. Shekara biyu ina jira.

Ban san abin da na zata za ta yi ba, amma ba ta yi dariya ba. Cewa ta yi al'adar tana da kyau, ita ma ta so a ce haka ake yi a ofishinsu. Sannan ta ce, "Amma Farfesa bai buɗe wurin ba, mai jarrabawa bai buɗe ba, saura mako biyat."

Makonni biyun da suka biyo baya ba na son tuna su. Kullum bayan an tashi daga aiki ina kan hanyar Arkilla, iska mai zafi tana dukan fuskata, da sabon babi na huɗu a jaka. Kullum Madam ta mayar mini da shi da zane-zane. In na rubuta cewa mai yiwuwa ne a iya tunanin wataƙila ban ruwa yana da ɗan tasiri, sai ta ja layi ta tambaye ni sau nawa na yi gwajin. In ce sau da yawa. Ta ce ya taɓa ba ni wata amsa daban? In ce a'a. Ta ce to wataƙilar ta mece ce? In koma gida in cire wataƙila ɗaya, hannuna ya sa wasu biyu a sakin layi na gaba ba tare da na sani ba. Ta nuna mini yadda ake sa sakamako a farkon babi kafin bayani, yadda zane ɗaya mai kyau ke maye gurbin shafi biyu na alƙaluma, yadda ake rubuta taken zane ya faɗi abin da zanen ke nunawa. Duk na koya, ba wuya. Jimla ɗaya ce ta gagare ni, wadda za ta ce abin da na samu ya saɓa wa abin da Farfesa ya wallafa.

Abinci ya daina shiga. Mahaifiyata ta fara tambayar ko zazzaɓi nake yi. In na wuce ta Tudun Wada na ga bulo jere a rana yana bushewa, sai in kawar da kai. Akwai wani dattijo mai buga bulo da ya ba ni wuri na yi gwaje-gwajena, yakan ɗago mini hannu, ni kuwa in ƙara wa babur mai, don na san babi biyar na rubuta ina kiransa mai ƙwauro, alhali na san ba nan laifin yake ba.

Ranar wata Asabar Madam ta sake jan layi a kan wannan jimla, karo na nawa ban sani ba, sai zuciya ta ɗebe ni. Na ce mata ita ba za ta gane ba, su ba su san girman malami ba. Da bakina na faɗa, a barandar gidanta, bayan ta bar nata aikin tana fama da nawa. Ta rufe biro a hankali.

"Ubana ya yi shekara talatin shina koyarwa," in ji ta. "Har yau in ɗalibainai sunka gan shi kasuwa, sai sun karɓi kayanai sun kai mai gida. Kak ka koya min girman malami. Tashi ka tahi, Malam, na gaji yau."

Na tafi. Kwana huɗu ban koma ba, kunya da taurin kai suka haɗu suka riƙe ni. A cikin kwanakin nan na yanke shawarar bin hanyar da na sani. Na buga zanen da Madam ta sa na yi, na sami Farfesa a ofis, na durƙusa gefen teburinsa, na miƙa da hannu biyu. Na ce, ranka shi daɗe, a nawa gwajin haka na gani. Farfesa yana amsa waya a lokacin, mutum biyu kuma suna jiransa a ƙofa. Ya ɗan kalli takardar, ya ce injin gwajin nan ya tsufa, in sake gwadawa, in kuma hanzarta don lokaci ya ƙure. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Kar ka damu, ɗana, za mu fita." Na fito na tsaya bayan ɗakin gwaje-gwaje inda ba kowa, na yi kuka, ni da gemuna.

Saura mako uku. Na fara tunanin barin karatun gaba ɗaya. Na ma tsara abin da zan faɗa a gida, cewa aiki ya yi mini yawa. In na bari, ba wanda zai ji kunya sai ni, kuma na ga kamar hakan ya fi sauƙi.

Ranar Laraba bayan la'asar na tarar da Baba shi kaɗai a zaure yana gyara alƙalumansa na kara. Na zauna nesa kaɗan. Ban ambaci sunan kowa ba. Na ce, Baba, in ɗalibi ya maimaita layi a hankali, malam bai ji ba, ya sake, bai ji ba, yaya zai yi? Baba bai ɗago ba. Ya san wanda nake nufi, don a gidan nan ba a ɓoye masa komai.

"In kana gyara min sannu-sannu," ya ce, "don gwiwarka na kusa da tawa na, kuma kunnena na gare ka. In na yi nisa, ɗaga murya. Ba don a bar kuskure cikin littahi anka yi ladabi ba."

Na ji wani sanyi ya sauko mini. Amma bai gama ba. Ya ce, "Shi kau za shi ji ciwo. Kai ma za ka ji. Kak ka zaka nan daga baya ka ce ban hwaɗa maka ba."

Washegari na koma Arkilla. Na ba Madam haƙuri a gaban maigidanta, ban yi kwana-kwana ba, na ce abin da na faɗa maganar banza ce. Ta ce ta ji, in zauna, lokaci na tafiya. Ta kife takarda. Na faɗi jimlar da Hausa, ta rubuta, muka mayar da ita Turanci tare, kalma goma sha wani abu, babu wataƙila ko ɗaya. Muka sa ta a taƙaitaccen bayanin farkon kundi, muka sa ta a babi na huɗu, muka sa ta a kammalawa. Alƙaluman rataye na uku suka dawo tsakiyar aiki. Ta kuma nace cewa kada Farfesa ya fara jin wannan magana a bainar jama'a. Ta sa na rubuta shafi ɗaya tak mai bayyana abin da ya canza, na lika a saman kundin. Da na kai masa ya sa hannu, na ce ranka shi daɗe, don Allah a duba shafin sama. Ya sa hannu, ya ce zai karanta a mota. A lokacin ban san ko ya karanta ba.

Sauran kwanakin gwajin magana muka yi. Takan ɗauki kujera ta koma can bakin ƙofar gida, ni ina tsaye a baranda, ta ce in ba ta ji ni daga can ba to ban faɗa ba. Duk lokacin da na iso wannan jimla muryata takan faɗi, idona ya koma ƙasa. Sai ta ɗaga murya ta ce, "Ban jiya ba, Malam! Koma!" Maƙwabta ma na tabbata sun haddace sakamakon bincikena. Ni ma na karanta nata babin na magudanan ruwa, na gyara mata lissafi biyu, na ji daɗin samun abin da zan iya yi mata.

Ranar kare aiki ɗakin ya cika, fanka tana juya iska mai zafi. Mai jarrabawa daga waje yana tsakiya, Farfesa yana damansa da hannu a haɓa. Madam ta zauna a kujerar ƙarshe, can baya, da gangan. Na iso kan zanen nan. Na ɗaga kai na nemi kujerar ƙarshe, na yi magana yadda za a ji ni daga can. Na ce sakamakon nan ya saɓa wa abin da malamina ya wallafa, kuma na maimaita gwajin har na tabbata.

Mai jarrabawa ya juya ya tambayi Farfesa ko yana da abin cewa. Farfesa ya ɗauki lokaci yana kallon zanen. Sannan ya ce ya karanta shafin da na lika masa, ya koma ya duba alƙaluman, aikin daidai ne. Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Aka yi mini tambayoyi kusan awa guda, na amsa, aka ce na ci da 'yan gyare-gyare. A waje Madam ta ce muryata ta iso, amma da kyar.

Na je Tudun Wada na yi wa dattijon nan bayanin buhuna da ruwa. Cikin minti biyu ya gane, ya ce tsofaffin buhunan siminti ma ga su nan jibge yana rasa yadda zai yi da su. Ya tambaye ni tun yaushe na san haka. Na ce an ɗan jima.

Alhamis ta zagayo. Bayan la'asar na ji tsayuwar motar Farfesa a ƙofar gida kamar kullum. Na ɗebo ruwa a kofin da aka saba, na shiga zaure na durƙusa na miƙa. Farfesa ya karɓa da hannu biyu, abin da bai taɓa yi mini ba. Ya dube ni da fara'a, ba fushi a fuskarsa ko kaɗan.

"Sannu, Injiniya," ya ce.

Baba ya buɗe littafi, aka fara karatu. Shekaru sun wuce yanzu, har yau Farfesa yana zuwa ranar Alhamis, har yau ni ke kai masa ruwa in ina gari. Yana girmama ni, yana tura mini ɗalibansa in duba musu rubutu, ni ma in kife musu takarda in ce su faɗa da Hausa. Duk ranar da na durƙusa da kofin nan ina sauraron bakinsa, ko zai manta ya ce ɗana. Bai taɓa mantawa ba.